Barcin Rana na Mato Mai Tafireta

A shekarar 1970 Mushe Alassani, wato Malam Alassani a bakin masu Faransanci, ya fara ganin Mato, wata huɗu bayan an koro baƙi daga Gana. Mato ya sauka Zongon Lome da tabarma da buta da tafireta ɗaya da ya ɗauko a ka tun daga iyaka. Tafiretar ta Ingilishi ce, shi kuma bai san ko gaisuwa da Faransanci ba. Alassani, malamin tarihi a sakandare, ya ba shi hutun ranarsa na wata uku yana koya masa, har Mato ya iya buga takardar neman aiki, ya bi da alƙalami yana ɗora wa haruffa 'yan hulunansu na Faransanci. Daga nan ya kafa tebur a gindin mangwaro, kowa ya kama harkarsa.

Abu ɗaya aka san Mato da shi. Da an sallame azahar zai lulluɓe tafireta da zane ya miƙe a benci, ko takardar kotu ka kawo sai ka jira la'asar.

Alassani kuwa ya ɗauki barcin rana abin kunya. Ya shiga jami'a yana koyarwa, saura kundin binciken digirinsa kawai, a kan fataken goro. A bangon ɗakinsa akwai jadawali da ya ja da rula, kowane kwata na awa da aikinsa. Duk ranar da ya makara da minti goma sai ya yage shi ya zana sabo. A shekara biyu ya zana jadawali arba'in da ɗaya, ya rubuta shafin farko sau talatin. Cikinsa ya ƙi komai sai koko. A watan Janairun 1975 jami'a ta rubuto cewa in bai miƙa kundin a watan Yuni ba, za a soke sunansa. A makon nan kuma jam'iyya, wadda ita kaɗai ce a ƙasar, ta ce kowane gida ya ba da namiji ɗaya don koyon animasiyon, rawar yabon jam'iyya, kullum bayan azahar, lokacin da ofisoshi ke rufe. Namijin gidan Alassani shi ne Alassani.

Matarsa Kulsum ce ta ja shi zuwa gindin mangwaro.

Mato ya dube shi sama da ƙasa. "Mushe, kai ne ko wanda ya ari rigarka? Ina littafin?"

"Yana nan a kaina, tsaf."

"Tafiretata ba ta karanta kai. Kullum da safe ka kawo mini shafi uku. Abin da na buga ya shiga akwati, na kulle, ba ka sake ganinsa sai Yuni. In an yi azahar ka ci tuwo ka kwanta."

"In na ga kuskure fa?"

"Ba za ka gani ba, yana akwati."

"To rawar fa?"

Kulsum ta ce, "Ai na ji an ɗauke wa malamai."

Wannan ya yi wa Alassani daɗi ƙwarai. Ya gaya wa abokan aikinsa cewa ashe jam'iyya ta san darajar ilimi. Suka dubi juna, suka gyaɗa kai, don a lokacin ba a gyara wa mutum yabon jam'iyya.

Makon farko Alassani ya kwanta ido buɗe yana jin haushi. A na biyu Kulsum ce ke tashinsa la'asar. Sau uku ya je roƙon a ba shi shafi na goma sha biyu ya canja jimla ɗaya, Mato ya ce makullin yana wurin wani ɗan'uwansa a Kegue, wanda har yau ba a san sunansa ba. Tun da ba halin komawa baya, sai ya yi gaba. Ya soma cin wake. Ya fara yi wa ɗalibansa lacca a kan amfanin tsari, yana misali da kansa.

Ranar sha ɗaya ga Yuni ya miƙa shafi ɗari uku da shida. Ya dawo da ƙarfe biyu, karo na farko a wata biyar da wannan lokaci ya same shi a waje. A filin unguwa ana kiɗa, shugaban reshe yana kiran gidaje daga takarda.

"Gidan Alassani!"

"Ga ni!"

Mato ne ya amsa daga layin baya, da tumbinsa da gwiwarsa mai ciwo, sanye da rigar jam'iyya da ta ƙi rufe cibiya. Aka buga ganga, kowa ya yi dama, shi ya yi hagu.

Da aka tashi Alassani ya tare shi. "Tun yaushe?"

Mato ya share gumi. "Ka miƙa?"

"Na miƙa. Na ce tun yaushe?"

"Wata uku ka ba ni, na ba ka biyar, don kai ka fi ni taurin kai. Ungo rigar, gobe ƙarfe biyu. In ka ga sun yi dama, ka yi dama."

Ya wuce gindin mangwaro yana ɗingishi, ya miƙe a benci.