Sunan da Gwaggo Ta Ƙi Faɗa

Ko ƙwaƙwalwata za ta zubar da duk abin da na karanta a jami'ar Gashua, ba za ta zubar da ranar da Gwaggo ta tsayar mini da fim a bakin kogi ba.

Lokacin ina ajin ƙarshe, kuma harshen Klingon ya shiga kaina, wato harshen nan da Turawa suka zauna suka ƙirƙira wa wasu mayaƙan sararin sama na fim. Abin da ya fi burge ni shi ne har dabbobin duniyarsu an raɗa musu suna. Na ce to mu me ya hana mu? Sai na ɗauki alwashin aikina na kammala karatu zai zama ɗan gajeren fim na wasu mutanen fadama masu harshen kansu, ni zan ƙirƙira shi. Malamina ya yi dariya ya ce, "In ka kawo mini surutan 'yan bori, sai ka maimaita shekara." Ni kuwa taurin kai gadon gidanmu ne.

Na raɗa wa kare suna, na raɗa wa akuya, tarwaɗa, shamuwa, har da sauro. Tsohuwar fim ɗin kuwa ƙanwar babana ce, wadda ta daɗe tana wasan kwaikwayo a rediyo. Da ƙyar na lallaɓo ta daga Nguru, da sharaɗin motar yamma za ta mayar da ita. Gwaggo ta haddace baƙin kalmomina kamar da su aka yi mata goyo, har tana gyara wa samarin da ke wasa a fim ɗin lafazi.

Muna cikin ɗauka a gefen gonar shinkafa muka zo wurin da za ta gargaɗi jikanta game da maciji. Ta tambayi ma'anar wata kalma da ke wurin, na ce mata sunan maciji ne. Sai ta gyara mayafi ta zauna a kan kunyar gonar.

"Wannan kam ba da bakina ba."

"Haba Gwaggo, ba fa Hausa ba ce. Ni na ƙirƙiro ta a ɗakina!"

"Kai ma ai raɗa maka aka yi, kuma kana amsawa. A gona muke, ɗana. Abin ƙasa ba a kiran sa."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Rana na sunkuyawa, mai kyamara na ta nuna mini batir, abokai na cewa a cire wurin kawai ko ta faɗa da Hausa. Na ce ba za a cire ba, kuma Hausa ba za ta shiga fim ɗin nan ba ko da kalma ɗaya. Na durƙusa gabanta ina magiya. Ta dube ni ta ce a hankali, "Yayanka da ka san shi a hoto, a irin wannan gona aka ɗauko mini shi. Da safe na ambaci sunan, ina yi masa kashedi."

Na san an ce sara ne ya kashe ɗanta, amma ban taɓa jin wannan ba. Ban daina son fim ɗina ba, sai dai na gane ba Gwaggo ce ke da gyara ba, mutanen da na ƙirƙira ne. Na ba su kogi da gona, na manta ban ba su tsoro ba.

Na ce, "To Gwaggo, su mutanen nan, in suna sakaya shi, me za su ce?"

Ta ce, "Mai tafiya ba sawu."

Nan take muka harhaɗa shi da kalmomina, ni da ita, muna gardamar wanne ya fi daɗin baki. Da aka kunna kyamara ta kama kafaɗar yaron ta faɗa da murya ƙasa-ƙasa, idonta na kan ciyawa. Ba wasan kwaikwayo take yi ba, kowa a wurin ya sani. Sau ɗaya aka ɗauka, ta samu motarta.

Ranar da aka nuna fim ɗin, malamin nan ya tsayar da shi daidai wurin ya tambaye ni ainihin sunan dabbar a harshen. Na buɗe baki, sai na ji ba zan iya ba. Na ce, "Malam, akwai, amma ba a faɗa." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce a ci gaba.

Tun daga ranar na koyi cewa tara kalmomi ba shi ne harshe ba. Harshe yana fara numfashi ne ranar da aka samu kalmar da uwa za ta ƙi faɗa saboda ɗanta.