Ganuwar da Ke Bayan Gonarmu

A bayan gonarmu ta Kafin Dafga akwai wani dogon tudu na jar ƙasa. Mu yara wurin zamiya muka mai da shi, kullum wandunanmu jajawur. Kakarmu Iya Abu ce kaɗai take ce masa ganuwa.

Lokacin sanyi, bayan isha'i, takan hura wuta da karan dawa a tsakar gida, ta juye mana gyaɗa a tabarma. Wanda bai ɓare ba, ba shi da rabo a labari. Har yau ina kewar ƙamshin hayaƙin nan.

"Yau ba tatsuniya ba ce," in ji ta wani dare. "Wannan an yi shi."

Ta ce wasu manoma ne mahara suka ishe su, sai suka kewaye kansu da ganuwa. Kowane gida da yankinsa, in an gama girbi a fito a yaɓe shi. Sarki da kansa yake ɗaukar kwandon farko a ka. Da aka sami kwanciyar hankali sai maƙera da marina suka zo, fatake suka riƙa sauke gishiri da kanwa, har garuruwa masu nisa suna aiko da gaisuwa. Zama ya yi daɗi, sarki ya fara tura bara ya ɗaukar masa kwandon. Masu hali ma suka bi sahu. Daga nan wanda ɗakinsa ya tsage sai ya ɗebi ƙasa a jikin ganuwa, yana cewa ai kwando ɗaya ne. Ranar da abokan gaba suka zo, dawakansu ko ƙofa ba su nema ba.

Na ce, "Iya, su wane ne suka ci su da yaƙi?"

"Maigidana, kunnen nan naka na ado ne? Ba wanda ya ci su. Da hannunsu suka kwashe garinsu."

Na girma, aure ya zo, ina bukatar ɗaki, ga ƙasa mai danƙo a bayan gona. Na kora jakuna can, ina ce wa kaina ai kaɗan zan ɗiba. Da aka gama gini aka kawo Iya, idonta ya riga ya tafi. Ta shafa bango, ta shinshina tafinta.

"Ƙasa mai kyau," ta ce. "Mutanen da sun iya zaɓe."

Ni kuwa kunya ta rufe ni. Da ma zagina ta yi. Bayana wasu suka bi, yanzu tudun ko gwiwa bai kai ba.

Bara na ba 'yata Hadiza labarin nan muna zaune a ƙofar ɗakin. Ta ce, "Baba, gobe ka kai ni in ga ganuwar."

Na rasa bakin gaya mata cewa a jikinta ta jingina.