Ranar da Kawu Ya Kai Wayata Sakkwato

A unguwarmu a Shinkafi ni mata ke tambaya littafin da za su karanta, kuma zaɓina bai cika ba ni kunya ba. Lokacin da aka katse sabis ɗin waya a yankinmu, muna tsakiyar wani labari da marubuciyarsa ke saki shafi-shafi a guruf ɗinmu na waya, na wata mai sayar da manja da ta fita neman ƙanenta. Maƙwabta suka dame ni da sallama, kowacce tana son jin ƙarshe.

Kawuna direba ne, yana jigilar fasinja zuwa Sakkwato, inda sabis bai ɗauke ba. Na ba shi wayata, na nuna masa inda zai taɓa shafukan su sauka. Ya karɓa yana cewa, "Ɗiyata, wanga aikin marasa abin yi ne."

Da ya dawo washegari bai miƙo wayar nan take ba. Ya ce mota ta daɗe ba ta cika ba a tasha, shi ne ya leƙa shafi ɗaya. Sai ya tambaye ni, "Wai mi ya raba ta da ƙanen nan tun farko?"

Na ce, "Kawu, ai daga tsakiya ka faro."

Na tura masa farkon a tasa wayar ta bulutut, tunda shi ba ya buƙatar sabis, na ƙara girman rubutu saboda idonsa, na haɗa masa da wani labarin fataken shanu da na tabbata zai kama shi. Bayan ya gama, direbobin tasha ma sai da suka ji labarin mai manjan a bakinsa.