Abin da Yaya Ba Ta Faɗa wa Likita Ba

A layinmu kowa Yaya yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Tela ce, kuma ita ta raini autansu bayan rasuwar iyayensu. Tun yana yaro ba ta taɓa yarda ya yi laifi ba. Ko a gaban idonka ya fasa gilashin taga, Yaya za ta rantse iska ce. Mu yi ta tsokanarta, ita ko a jikinta.

Auta ya girma ya zama mai fenti, kullum yana saman tsani. Bai kai arba'in ba shanyewar ɓarin jiki ta same shi. Yaya ta rufe shago ta tare a asibiti. A makon farko, tana goge masa fuska, sai ya sandare, hannu da ƙafa suka kama fizga, idanu suka juye. Kafin ta kira wani, abin ya sake shi.

Ranar sallama likita ya zaunar da ita. Ya ce jini ne ya zuba ta wajen saman ƙwaƙwalwa, ga shi da sauran ƙuruciya, kuma irin wannan ya fi janyo farfaɗiya daga baya.

"Kin taɓa ganin jikinsa ya yi fizga? In ya yi, sai mun ƙara sa masa ido, kuma babu shi babu hawa sama."

Yaya ta tuno matarsa da yaransa, ta tuno yadda mutane ke ja da baya da an ambaci farfaɗiya.

"Ko sau ɗaya," in ji ta.

Auta ya warware, ya koma aiki. Wata rana da hantsi abin ya kama shi a saman tsani. Bai mutu ba, amma ƙashin bayansa ya karye, yanzu sai an kwantar sai an tayar.

Ba mai ganin laifinta, don ba wanda ya sani sai ni da ta faɗa wa, tana kuka a kan keken ɗinki. Na so in yi mata faɗa, wallahi na kasa. Ta rame ta lalace. Kullum da yamma ita ke juya shi ta shafa masa mai, kuma ba abin da ke ƙona mata rai irin godiyarsa.

Jiya ina zaune ya riƙo hannunta.

"Yaya, ba don ke ba da tuni an manta da ni."

"Auta, akwai wata magana..."

"Ina jin ki."

Ta daɗe tana kallon ƙafafunsa.

"Ɗaga kanka in gyara maka matashin."