Malam Turjiya da Awarwaron Babbar Baƙuwa

Tun yana saurayi yake koyar da kimiyya a makarantar unguwarsu, har furfura ta mamaye gemunsa, amma bai taɓa kunna ƙwan fitila ko ɗaya a aji ba. Lantarkinsa na alli ne. Sai ya zana batir a allo, ya ja waya ta kewayo, ya zana ƙwan fitila har da 'yan layukan haske, sannan ya juyo ya ce, "Kun ga ta kama?" Yara su amsa, "Ta kama, Malam!" To me za su ce, ga bulala a kan tebur?

Kalmar da ta fi masa daɗin faɗa ita ce turjiya. "Wuta tana son wucewa, abin da ta ratsa yana turjiya. In turjiya ta yi yawa, haske ya ragu." Da haka yara suka laƙaba masa Malam Turjiya, har aka manta sunansa na yanka.

Ba wai babu kayan gwaji ba ne. Akwai akwati guda da wasu masu taimako suka bayar, cike da wayoyi da batira. Sai dai hedimasta mutum ne mai tattalin dukiyar jama'a. Ya kulle akwatin a ofis don kada yara su lalata shi da koyo, ya mai da shi wurin ɗora rediyo. Duk shekara Malam sai ya roƙa, duk shekara a ce masa a jira lokacin da ya dace.

Lokacin ya dace ne ranar da wata babbar jami'a ta zo duba makaranta. Aka buɗe akwati, aka tarar batiran sun zubar da ruwa sun ci tsatsa. Dole hedimasta ya ciro na rediyonsa, yana yamutsa fuska kamar haƙoransa ake cirewa.

Malam ya haɗa wayoyi da batir da ƙwan fitila. Ya bar giɓi tsakanin bakin waya biyu, ya sa cokali a tsakani, sai fitila ta kama. Yara suka yi ihu. Shi kansa ya tsaya yana kallonta, idonsa ya ciko, don ashe abin da ya daɗe yana faɗa gaskiya ne. Ya sa makulli, ta kama. Ya sa bakin fensir, ta yi ja-ja kamar mai jin barci. "Ga turjiya nan!" in ji shi. Ya sa matajin roba, shiru.

Baƙuwa ta ga bai kamata a yi ilimi ba da ita ba. Ta ce, "Malam, in ban manta karatuna ba, ai wuta tana bi ta zinare ko?"

"Ƙwarai, ranki ya daɗe. Ya ma fi cokali."

Ta zare awarwaro mai ƙyalli ta miƙa. "Gwada da wannan. Maigidana ne ya kawo min tsaraba."

Malam ya ɗora masa waya. Shiru. Ya juya shi, ya goge da gefen riga, ya sake ɗorawa. Fitila ta yi kunnen uwar shegu.

Hedimasta ya yi wuf ya ce, "Batirin ne ya mutu! Tun safe rediyon yake shaƙewa." Yana ta ƙifta wa Malam ido kamar wanda ƙwaro ya faɗa wa.

Malam ya gane sarai, har ya buɗe baki zai ce haka ne. Sai wata yarinya a sahun gaba ta tambaya, "Malam, da gaske ya mutu?" Ya dubi yaran da suka zuba masa ido, ya ga ba zai iya ba. Ya ɗauki makulli ya taɓa, fitila ta haska tar.

"Batir lafiyarsa ƙalau," in ji shi a hankali. "Roba ce aka shafa wa fenti, ranki ya daɗe."

Rahoton da ya biyo baya ya yaba da tsaftar farfajiya, ya kuma ce malamin kimiyya yana buƙatar ƙarin ladabi. Aka ɗaukaka darajarsa zuwa mai kula da ɗakin karatu, inda kantoci suka fi littattafai yawa. Can ya zauna har ya yi ritaya.

Amma labari ya riga ya shiga unguwa. Yanzu mata ne ke sallama a ƙofarsa da sarƙoƙi da 'yan kunne a ƙulle cikin gefen mayafi, wai Baba Malam ya gwada musu. Yana gwadawa, yana yi musu bayani cewa ko gwangwanin madara zai kunna fitilar nan, kamawarta ba shaidar zinare ba ce. Ba mai saurare. In ta kama su tafi suna murmushi, in ta ƙi, wani bawan Allah ya shiga uku.

Matarsa ce kaɗai ba ta taɓa kawo nata ba. Ta ce ita ta san albashin mijinta, ba sai waya ta gaya mata ba.