Zanen da Kaka Ta Kai Marina

Har yau in na shaƙi warin baba, tsamin nan da ke tashi daga ramin marina, sai gabana ya faɗi. Kai rini kawai za ka ji. Ni kuwa takun takalmin jandarma nake ji a zauren gidanmu na Garwa.

Kakata, mahaifiyar Babanmu, ta yi aiki a gidan shugaban ƙasa na farko, wanda nan Garwa ne garinsu. Kada ka ɗauka wani babban muƙami ne, fura take yi masa in ya zo hutu gida. Baba kuma mahauci ne, shi ke kai musu nama. Amma mu yara, wallahi gani muke da mu ake mulkin ƙasar. Da la'asar, in rana ta yi sanyi, sai Kaka ta tara mu a gindin darbejiya, 'ya'yan gida da na maƙwabta, ta buɗe makarantarta. A bakinta muka fara jin yadda Nasara suka tafi, da yadda ɗan garinmu ya hau kujera. Mu dai labarin cikin gidan muke so: famfon da ke kawo ruwan zafi ba tare da an hura wuta ba, daɓen da kake ganin fuskarka a cikinsa, ɗakin da sanyinsa ya sa mata mura ana tsakiyar bazara.

"Kofunan gilashi sun cika kabad," in ji ta, "amma ni furata a ƙwarya take shiga."

Tana da wani zane da aka raba wa ma'aikatan gidan, atamfa mai ɗauke da fuskar shugaban. Mata da yawa a gari suna da irinsa, sai dai ɗaurin Kaka daban ne. Za ta yi ta juya shi har sai fuskar ta faɗo a gaba, don kada ta zauna a kanta. Ranar da yayata ta ari zanen ta zauna da shi a kan turmi, ta sha ranƙwashin da har yanzu take ba da labarinsa. "Ke mara kunya! Mutumin da muka ci abincin gidansa za ki ɗora wa mazaunai?"

Sai ga shi shugaban ya sauka daga mulki, ya bar ƙasar, tsakaninsa da wanda ya gaje shi ya lalace. Ana nan aka yi harbe-harbe a Yawunde, babban birni, aka ce 'yan Arewa ne suka so ƙwace mulki. Gari ya yi tsit. A lakwal, wato makarantar boko, malaminmu ya sa muka manne shafukan da ke maganar tsohon shugaba da ƙaro. Maƙwabcinmu, wanda ya taɓa tuƙi a gidan, aka zo da mota aka ɗauke shi, matarsa ta yi ta ajiye masa tuwo har ta gaji. Duk lungun da ka bi ƙaurin tsumma kake ji, mata na ƙona zannuwansu.

Baba ya durƙusa gaban Kaka. "Inna, don Allah ki ƙona shi. Kowa ya san ni nake kai nama gidan nan. Hujja kawai suke nema."

Ta ce ita ba za ta sa fuskar mutum a wuta ba. Ta naɗe zanen cikin buhu ta kai wa wani tsohon marini da ta yarda da shi. Ya tsoma, ya sake tsomawa, har ya dawo baƙi wuluk. Muka duba gaba da baya, babu alamar kowa. Hankalin Baba ya ɗan kwanta.

Ranar da suka zo, da hantsi ne. Kaka ta yi wanki ta shanya a igiyar tsakar gida, ni da ita muna zaune a ƙasa muna tsintar shinkafa. Ba sallama, ba komai, sai ga jandarmomi a cikin gidan da ko ƙanin miji ba ya shiga kai tsaye. Baba bai daɗe da dawowa daga mayanka ba, jini a gaban rigarsa. Suka sa shi ya tsuguna, hannu a ka. Biyu suka shiga ɗakuna suna zazzage akwatuna, suna neman hoto ko wani abu na tsohon shugaba. Ɗaya ya tsaya gadin Baba, ya ba igiyar shanya baya.

A daidai lokacin rana ta hauro katanga, ta bugi jiƙaƙƙen zanen ta baya.

Na ɗaga kai, sai na gan shi. Hular, goshin, idanun nan biyu, sun fito ta cikin baƙin rinin suna kallonmu. Ashe rinin bai cinye shi ba, rufe shi kawai ya yi. Tsakaninsa da ƙeyar jandarman bai kai kamu biyu ba. Sai na mintsini ƙafar Kaka. In mutumin nan ya waiga, shi ke nan, Baba ya bi maƙwabcinmu.

Kaka ta duba. Ta ajiye faifan shinkafa, ta miƙe a hankali tana nishi irin na tsofaffi, ta ratsa ta gefen jandarman, ta janyo zanen yana ɗigar ruwa. Ta ninke shi, ta shimfiɗa a ƙasa. Ta ɗan tsaya. Sannan ta zauna a kai.

Jandarman ya juyo, ya daka mata tsawa da gurɓataccen Fulatanci, wai me take ɓoyewa, wane mai hankali ne ke zama kan jiƙaƙƙen zane.

"Basir ne, ɗana," in ji Kaka. "Sanyin ke kwantar mini da shi. In kana so ka gani, sai in tashi."

Ya yamutsa fuska, ya tofar da yawu, ya matsa can. Suka gama barkata gidan, suka ɗauki rediyon Baba, suka mare shi a gabanmu, suka fita. Amma sun bar mana Baba.

Kaka ba ta tashi daga wurin ba har aka kira azahar. Ruwan ya jiƙa ta sharkaf, hawaye na bin kumatunta. Daga ranar makarantar gindin darbejiya ta rufe. In mun roƙe ta labarin gidan shugaba, sai ta ce, "Ni fura na sani."

Yanzu ni ce kakar. Kwanan baya jikata ta dawo daga lakwal da aikin tarihi, ta ce, "Kaka, wai da gaske an yi wani shugaba kafin wannan, kuma ɗan garinmu ne?" Na buɗe adaka na ciro zanen, na jiƙa shi, na shanya wajen da rana ke bugowa. Yara suka taru suna ihu, ga hula, ga ido! Na fara ba su labarin famfon ruwan zafi da furar ƙwarya, yadda aka ba ni.

Ban yi nisa ba jikar ta taɓa gwiwata.

"Kaka, me ya sa kika kulle ƙofar zaure? Kuma me ya sa kike yi mana raɗa?"

Wallahi ban san na kulle ba.