Dutsen Baba Teku

Shekara talatin da biyu ana kiransa Baba Teku, alhali bawan Allahn nan ko kwalekwale bai taɓa shiga ba. Mai fasa dutse ne a can saman tudu, inda mota ke hawa tana tari. Wata rana ya doka guduma, dutse ya rabe biyu, sai ga kwanson kodi irin na teku kwance a ciki, tsaf da layukansa. Ya ɗaga ya ce, "Jama'a, wurin nan da can ruwa ne." Kai, ranar ya sha dariya! Tun daga nan ko cewa ya yi hadari ya haɗo, sai abokan aiki su ce, "To Baba, tekun ce za ta dawo?"

Abin yana ci masa rai, don shi mutum ne da bai iya ƙarya ba. Amma bai janye maganarsa ba. Matarsa ta mai da dutsen abin tokare ƙofa, shi kuma kullum sai ya goge shi.

Da 'yarsa ta fari, malamar ilimin ƙasa, ta zo hutu, sai ta yi tuntuɓe da dutsen. Ta ɗauka, ta juya shi, ta sake juyawa. Sai ta janyo darduma biyu a falo ta haɗa bakinsu.

"Baba, tura taka, in tura tawa."

Suka tura. Tata ta kutsa ƙarƙashin tasa, tasa ta tattare ta yi tozo.

"Ka gani?" in ji ta. "Haka manyan ɓangarorin ƙasa suke matsawa, a hankali kamar tsirowar farce. Teku ce a tsakaninsu, gindinta ya yi ta nutsewa ƙarƙashin ɗaya har ta ƙare. Da suka yi karo sai ƙasa ta yi kauri ta ɗaga sama, da lakar tekun da kodin duka. A kanta kake aiki."

"Wato ban yi ƙarya ba?"

"Ko kusa, Baba."

Idonsa ya ciko don daɗi. Washegari ya naɗe dardumomin ya saɓa a kafaɗa, matarsa tana ta mita. A bakin ramin dutse ya shimfiɗa su, ya kira wanda ya raɗa masa sunan, yanzu gemunsa duk furfura. Ya ce, "Durƙusa ka tura, malam."

Har yau Baba Teku ake kiransa, kuma yanzu da ƙarfi yake amsawa.